Tikitin Abuja, Saukar Yamai: Fasinja Na Hannun Wa?

Ina roƙon Edita ya sam mini fili a wannan mujalla tamu in tayar da wata magana wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta faɗo a kan mutum. Maganar kuwa ita ce, mutum ya sayi tikitin jirgin sama daga wani gari na Nijeriya zuwa wani gari na Nijeriya, bai ɗauki fasfo ba domin ba wanda ya ce ya ɗauka, bai canji kuɗi ba, bai yi sallama da iyalinsa irin ta mai barin ƙasa ba, sai kawai ya ji ƙafafun jirgi sun taɓa kwalta a ƙasar da ba tasa ba. To, a wannan sa'a shi mene ne? Baƙo ne, ko mai ƙetare iyaka ba izini, ko kuwa ɗaurarre? Wa zai ba shi ruwa da wurin kwana, wa kuma zai tsaya masa in jami'in wata ƙasa ya ce ba zai sauko ba? Na bi dokokin, na kuma bi labaran abubuwan da suka faru, abin da na tarar shi ne babu wanda aka ɗora wa wannan nauyi a kan dole. Mutumin yana hannun sa'a ne kurum, da halin jami'in da ya tarar a bakin aiki. Ni a ganina wannan sakaci ne, kuma hukumominmu suna da babban kaso a ciki, balle tun daga 2023 da aka mai da sararin samaniya sandar dukan maƙwabci.

Na san abin da wasu za su ce in an haɗu a gindin bishiya bayan lacca. Za su ce wannan ai kukan masu da shi ne, ina ruwan talaka da abin da ya sami mai hawa jirgi? Ni mutumin Minjibir ne, gonakinmu suna arewa maso gabas da filin jirgin saman Kano, mun tashi muna ganin jirage suna wucewa ta kan dawarmu da gyaɗarmu, kuma gaskiya ne mafi yawanmu iyakarmu da su ɗaga kai. Amma a duba su wa ke cikin jiragen nan yanzu. Akwai majinyacin da dangi suka haɗa kuɗi za a kai shi asibiti a Abuja ko Ikko. Akwai ɗan bautar ƙasa da aka jefa can kudu, da ɗan kasuwar da ya ga gara ya biya tikiti da ya biya kuɗin fansa. Tun da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama dandalin masu garkuwa da mutane, aka kuma kai wa jirgin ƙasa hari ranar 28 ga Maris, 2022, mutane da yawa da ba su taɓa mafarkin shiga jirgin sama ba sun shiga. Waɗannan su ne ba su da fasfo. Mai da shi kullum fasfonsa na aljihu, da 'yan dalolinsa, da lambar wayar jakada. Ko ina jirgi ya sauke shi, kafin a yi sallar isha'i yana kwance a otal. Wanda zai kwana a kan siminti shi ne ɗan'uwanka da ɗan'uwana.

Bari in kawo abin da ya taɓa faruwa, kada a ce tatsuniya nake yi. Ranar Litinin, 25 ga Oktoba, 1993, wani jirgin kamfanin Nigeria Airways, samfurin Airbus A310, ya tashi daga Ikko zai tafi Abuja, tafiyar kamar sa'a guda, ɗauke da mutane fiye da 100. Ana cikin tafiya sai wasu samari huɗu, 'yan wata ƙungiya da ake kira MAD, masu neman a mayar wa Cif M.K.O. Abiola zaɓen 12 ga Yuni da gwamnatin Janar Babangida ta soke, suka miƙe suka ƙwace jirgin. Niyyarsu su kai shi ƙasar Jamus, amma man da ke cikinsa ba na ƙetare Sahara da teku ba ne, don haka aka sauka a Yamai. Suka ce gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan ta sauka, in ba haka ba su cinna wa jirgin wuta, suka ba da wa'adin sa'o'i 72. Suka saki mafi yawan fasinjoji, ciki har da mata da yara, suka riƙe saura tare da ma'aikatan jirgi. Aka yi kwana uku ana ja-in-ja, har zuwa 28 ga wata, da jami'an tsaron Nijar suka far wa jirgin cikin dare suka kama samarin. Rai ɗaya ya salwanta daga cikin ma'aikatan jirgin, wasu suka ji rauni. Samarin kuwa suka yi kimanin shekara tara a kurkukun Nijar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da wannan labari. Duk lokacin da watan Oktoba ya zagayo, sai ka ga jaridu sun nemo samarin nan, yanzu sun zama dattawa, ana hira da su, ana kiransu jaruman dimokuraɗiyya. A 2024 har fim aka yi, mai suna Hijack '93. Fasinjojin fa? Su sun zama kayan adon labari, kamar kujerun jirgin. Soke zaɓen nan zalunci ne, ba na musu. Amma mutumin da ya shigo da fetur cikin jirgi, ya tsaya a kan mutanen da ba su soke zaɓen kowa ba, ya ce zai ƙone su in ba a biya masa bukata ba, ai ya ɗauki darasi ne daga waɗanda yake yaƙa, watau cewa ran talaka abin ciniki ne. Ribar me aka ci? Shonekan dai ya sauka ranar 17 ga Nuwamba, ƙasa da wata guda bayan haka, amma wanda ya hau shi ne Janar Sani Abacha, shi kuwa Abiola a tsare ya rasu a 1998.

Akwai abu biyu a cikin wannan labari da suka shafi maganarmu kai tsaye. Na farko, cikin kwana ukun nan duk wata shawara da aka yanke a kan ran waɗannan 'yan Nijeriya, a ba da abinci ko a hana, a ƙara wa jirgi mai ko a ƙi, a ci gaba da lallashi ko a far musu, gwamnatin Shugaba Mahamane Ousmane da Firayim Minista Mahamadou Issoufou ce ta yanke ta, gwamnatin da a lokacin kimanin wata shida kacal ta yi a kan mulki. Nijeriya tana iya aika wakilai, tana iya roƙo, amma ba ta da ikon ba da umarni. Haka dokar duniya ta ce. Sashe na 1 na Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ita ce uwar dokokin sufurin sama, ya ba kowace ƙasa cikakken iko a kan samanta, balle ƙasarta. Da zarar jirgi ya sauka, tikitinka na Abuja ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Na biyu kuwa, Nijar ta buɗe filinta. Da hasumiyar Yamai ta ce ba ta ba da izini ba, ga jirgi na shawagi, ga mai na ƙarewa, ga yara huɗu da ashana, da wani labarin muke bayarwa yau. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Fashin jirgi dai ba kullum ba ne, amma hazo ba ya fashi. Kowace shekara in hunturu ya shigo, iska takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi ta lulluɓe Arewa da ita. Akwai safiyar da mai lambu a bakin madatsar ruwa ta Wasai ba ya iya hango ƙarshen fangalinsa, to matuƙin jirgi ma haka, sai dai shi yana tafe ne da gudun fiye da kilomita 200 a sa'a yana neman bakin titi. Saboda haka ne doka ta ce kafin ya tashi sai ya rubuta sunan wani fili na biyu da zai nufa in na farko ya ƙi, ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi fili na biyun, da kuma na shawagin minti 30 wanda bai kamata ya taɓa ba sai in rai ya yi halinsa. Matsalar hazo ita ce ba ya zaɓen gari. Yana iya rufe Kano da Katsina da Kaduna a safiya ɗaya.

Yanzu a buɗe taswira. Daga Kano zuwa Damagaram ko Maraɗi, a miƙe ta sama, kilomita 200 da 'yan kai ne, alhali zuwa Abuja ya haura 300. Sakkwato ta fi kusa da Yamai a kan Abuja. Maiduguri zuwa Njamena kamar kilomita 200 ne, zuwa Kano kuwa kamar 500. Yola da Garwa ta Kamaru, da Ikko da Kwatano, kowanne kamar kilomita 100 ne tsakani, ko kofin shayi ba za a gama sha ba an isa. Na sani kusanci kaɗai bai isa ba, sai an duba tsawon titi, da fitilu, da motocin kashe gobara, da ko akwai mai, kuma filin Maraɗi ba ɗaya yake da na Yamai ba. Galibi ma matuƙanmu sukan gwammace su koma inda suka fito. Amma ranar da inji ya mutu, ko hayaƙi ya turnuƙe, ko zuciyar wani fasinja ta buga, ƙa'idar aikin ita ce a nufi fili mafi kusa wanda zai iya ɗaukar jirgin, kuma launin tutar da ke kaɗawa a wurin ba ya cikin abin da ake lissafawa.

Mu mutanen Kano bai kamata a koya mana haɗarin wannan sa'a ba. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi Boeing 707 na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Ikko, ya karkato Kano saboda yanayin Ikko ya ɓaci. Wajen sauka ƙafarsa ta karye ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Allah Ya jiƙansu. Dattawanmu har yanzu suna tuna ranar. Sa'ar da matuƙi ya bar hanyarsa ya nufi wani fili, kansa ya riga ya cika da lissafin iska da mai da tsawon titi. Zalunci ne a ƙara masa da tunanin ko shugabansa da shugaban maƙwabta suna ga-maciji.

To, a ce an sauka lafiya. Me ke biyo baya? Abu na farko, ba a buɗe ƙofa. Kamfanin jirgin cikin gida ba shi da ofis a Yamai ko Njamena, ba shi da wakili, ba shi da yarjejeniya da masu kawo matakala ko masu sayar da mai, su kuwa ba sa ba baƙo bashi. Sai an yi ta buga waya tsakanin matuƙi da ofishinsa a Ikko da hukumar filin, a kan wa zai biya kuɗin sauka da kuɗin mai, da wane irin kuɗi. Duk wannan lokaci fasinja yana zaune a kujerarsa, ruwan da aka ɗebo na tafiyar sa'a guda ya ƙare, bayan gida ya cika, in an kashe inji sanyi ya ɗauke. In Allah Ya sa an sami mai kuma yanayi ya gyaru, shi ke nan, a tashi, mutum ya je wata ƙasa ya dawo bai taka ta ba. Amma akwai wani agogo da fasinja bai san yana tafiya ba. Matuƙa da ma'aikatan jirgi suna da iyakar sa'o'in da doka ta yarda su yi aiki a jere, in suka cika dole su huta, ko da kuwa sama ta yi tas. Daga nan kwana ya kama, sai a sauko da mutane.

A nan ne ake rabuwa. Mai fasfo ya bi layi a buga masa hatimi ya tafi gari. Marar fasfo a nuna masa wani zaure a cikin filin, a sa jandarma a bakin ƙofa. Ba a ce an kama shi ba, amma ba zai fita ba. Jakarsa tana cikin cikin jirgi, da maganin ciwon sukarinsa ko na hawan jini a ciki, ba kuwa za a sauke ta ba sai kwastan sun yarda. Nairar da ke aljihunsa ba ta sayen ruwan leda, nan sefa ake so. Layin wayarsa wataƙila ya kama, wataƙila ya ƙi, can gida kuwa masu tarye suna tsaye a fili ba su san inda yake ba. Takardun da za a miƙo masa da Faransanci aka rubuta su. In mace ce mai goyo, ko tsoho da bai taɓa fita ƙasar Kano ba, sai ka ƙiyasta da kanka.

Kada a ce wannan halin Afirka ne. Ranar 21 ga Janairu, 2024, guguwar da aka sa wa suna Isha ta hana jirage sauka a Birtaniya, har wani jirgin kamfanin easyJet da ya tashi daga Edinbara zai tafi Biristol, tafiyar cikin gida ta sa'a guda, ya ƙare a Faris. Da yawa daga fasinjojin ba su da fasfo, a cikin filin jirgin suka kwana. Ingila da Faransa ke nan, masu arziki da jirgin ƙasa a ƙarƙashin teku a tsakaninsu. Mu ma mun ɗanɗana a watan Fabrairu na 2020, lokacin da hazo ya haɗu da matsalar na'urar da ke jagorantar jirage wajen sauka a Ikko, aka yi ta karkatar da manyan jiragen ƙasashen waje zuwa Akara ta ƙasar Gana. 'Yan Nijeriya suka yi kwana da kwanaki a can, har ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, ya fito ya ba da haƙuri. Waɗannan fa daga Turai da Amurka da Dubai suka fito, kowa da fasfonsa a hannu. In masu fasfo sun sha haka, ina ga wanda ya shiga jirgi da katin zaɓe?

Wani zai ce ai akwai dokoki. Akwai su kuwa, jibge. Sashe na 25 na Yarjejeniyar Shikago ya ce kowace ƙasa ta taimaki jirgin da ya shiga matsala a cikin ƙasarta. Yarjejeniyar 1970 a kan fashin jirgi ta ce ƙasar da aka kai jirgi ta sauƙaƙa wa fasinjoji ci gaba da tafiyarsu da wuri. Rataye na 9 na Yarjejeniyar Shikago ya yi maganar a ba fasinjan da larura ta karkato da shi izinin shiga na ɗan lokaci. Sai dai wannan na ƙarshen shawara ce, "ya kamata" aka ce, malamanmu na Sashen Shari'a kuwa sun fi ni sanin nisan da ke tsakanin "ya kamata" da "dole". Har ila yau, maganar wanda ba shi da biza aka yi, namu mutumin ko littafin da za a buga bizar a kai ba shi da shi. A gida kuma Hukumar Kula da Sufurin Sama, NCAA, tana da ƙa'idojin kare fasinja: in jirgi ya yi jinkiri a ba shi abin sha da abin taɓawa, in ya daɗe a mayar masa da kuɗinsa, in dare ya yi, daga ƙarfe 10 zuwa 4 na asuba, a kai shi masauki. Madalla. Amma masaukin yana bayan ƙofa, mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun jami'in shige da fice na wata ƙasa wanda bai taɓa jin sunan NCAA ba. Ko a filayenmu na gida sau nawa ka ga an bi waɗannan ƙa'idoji ba tare da an yi hayaniya ba?

Saura ECOWAS. Tun 29 ga Mayu, 1979 aka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma da sharaɗi: sai da takardar tafiya ingantacciya da katin rigakafi. Katin zaɓe da lasin tuƙi, waɗanda ake karɓa a shiga jirgin cikin gida, ba sa cikin lissafi. A 2014 shugabannin ƙungiyar suka amince da katin shaida na bai ɗaya wanda zai wadatar wajen ƙetare iyaka, Senegal ta fara bayarwa a 2016, mu muka yi ta jan ƙafa har Nijar ta fice daga ƙungiyar. Fasfo kuwa, daga Satumba 2025 mafi araha ya koma naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Saboda haka duk wanda ya ce maganin abin shi ne kowa ya riƙa yawo da fasfo, ya fara gaya mana inda leburan ƙaramar hukuma zai samo kuɗin.

Yanzu mu koma kan abin da na ce a riƙe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ranar 30 ga wata a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka hana jiragen kasuwanci shiga Nijar ko fitowa daga cikinta. Nijeriya ta yanke wutar lantarki. Sojojin Yamai su ma suka rufe samansu ranar 6 ga Agusta, da suka buɗe kuma daga baya suka keɓe jiragen Nijeriya da hani. Sai a watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyaka, sa'an nan ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewarsu daga ECOWAS. Ban zo nan don wanke masu juyin mulki ba, laifin rufe sama kuwa ɓangarorin biyu duk sun yi shi. Amma ni ɗan Nijeriya ne, nawa zan fara tuhuma. Ƙasar da ta buɗe mana fili a 1993 sa'ad da yaranmu suka ɗauko wuta, ita muka kashe wa fitila a 2023. Waɗanda suka yanke wannan shawara a Abuja, ko sun tambayi wani matuƙi da ke zirga-zirgar Sakkwato a watan Janairu me yake gani?

Za a ce ai irin wannan hani ba ya hawa kan jirgin da ke cikin haɗari. A takarda haka ne. Amma a dubi abin da ya faru ranar 8 ga Disamba, 2025. Wani jirgin sojan saman Nijeriya, samfurin C-130, yana kan hanyarsa ta zuwa Fotugal, ya sauka a Bobo Julaso ta Burkina Faso, hukumominmu suka ce matsalar na'ura ce ta tilasta shi. Ƙasashen ƙawancen Sahel suka ce keta samansu aka yi, suka tsare sojoji 11 da ke ciki, suka kuma yi shelar cewa sun ba dakarunsu izinin kakkaɓo duk jirgin da ya keta musu sama. Sai da aka yi fiye da mako guda, ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya tafi da kansa ya gana da Kyaftin Ibrahim Traore, sa'an nan aka sake su. Na yarda jirgin soja ne, Yarjejeniyar Shikago ba ta rufe shi ba, kuma abin ya zo kwana ɗaya bayan Nijeriya ta sa hannu wajen murƙushe yunƙurin juyin mulki a Jamhuriyar Benin. Amma sojan da ke zaune a bayan bindigar kakkaɓo jirgi cikin hazo, an gaya masa maƙwabci abokin gaba ne, wa ya tabbatar zai tsaya bambance jirgin soja da na fasinja? Kuma in sojoji 11 masu gwamnati a bayansu sai da minista ya taka, farar hula 100 marasa fasfo wa zai taka dominsu?

Abin kunyar shi ne kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala tun ba a ƙera jirgi ba. A ƙauyukanmu na Minjibir, in dare ko ruwan sama ya tsare matafiyi, wurin mai unguwa ake kai shi, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa fura ko tuwo, sai ya ci ya huta sa'an nan a tambaye shi daga ina zuwa ina. Fataken da suka riƙa kai saƙi da baƙin rini na ƙasar Kano zuwa Damagaram da Agadas sun san suna da fatoma a kowane zango. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aka ce a ba su zakka, ko da kuwa attajiri ne a garinsu. Layin da ya raba mu da Maraɗi kuwa, Ingila da Faransa ne suka fara zana shi a 1890, daga Sayi zuwa Barruwa, suka yi ta gyara shi har 1906, ba su shawarci ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba, shi ya sa har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina. Kai, ko yau je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga yadda masu raƙuma da shanu ke shigowa daga Nijar suna komawa. Mai jaki ya fi mai jirgi 'yancin ƙetare iyakar nan, shi da ya zo da niyya, ɗayan kuwa larura ce ta jefo shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gyaran nan ba ya bukatar Nijar ta koma ECOWAS, ko wani ya ba wani haƙuri a bainar jama'a. Muna da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, mazauninta a Yamai. Ƙasashen da suka iya yarda a 2021 a fara shimfiɗa titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ba za su kasa rubuta takarda mai shafi biyu ba. Abin da za ta ƙunsa kaɗan ne: jirgin fasinja da larura ta karkato a ba shi izinin sauka ko ana faɗa ko ana shiri, jerin sunayen fasinjoji da kamfani ke riƙe da shi, haɗe da kowane katin shaida mai hoto, ya tsaya a madadin fasfo na kwana biyu, a sauke wa marasa lafiya jakunkunansu, a kuma sanar da ofishin jakadanci tun jirgi bai gama tsayawa ba. Mu ma mu yi wa nasu haka in sun faɗo Kano ko Sakkwato. A yi irinta da Cadi da Kamaru da Benin. Ita kuma NCAA, kafin ta sabunta wa kowane kamfani lasin zuwa Maiduguri ko Yola ko Sakkwato ko Kano, ta ce ya nuna mata sunan wanda zai kawo masa matakala da mai da ruwa a filin maƙwabta mafi kusa, da shaidar cewa an shirya yadda za a biya shi. Sanatocin Arewa da suka fito a watan Agustan 2023 suka ƙi yarda a kai wa Nijar yaƙi sun nuna suna iya magana in sun ga dama, to ga ƙaramin aiki da ba ya bukatar ko harsashi ɗaya. Hazo yakan fara sauka ne wajen watan Nuwamba, don haka a sa wa takardar hannu kafin a gama yankan dawa.